Amsar da Ta Yi Kama da Gaskiya: Kurakuran da Aka Fi Yi a Ilimin Gado, Muhalli, Ƙasa da Aikin Jinya

Ɗalibin da ya ce bai sani ba yana da sauƙin koyarwa. Mai wuyar sha'ani shi ne wanda ya riƙe wata amsa tun yana ƙarami, ta kwanta masa a rai saboda ta dace da abin da ido ke gani, daga baya ya haddace bayanin littafi ya ɗora a kanta bai tumɓuke ta ba. Da tambaya ta ɗan sauya salo, sai tsohuwar amsar ta taso. A takardar jarrabawa maki ne zai zube. A gefen gadon majinyaci kuwa asarar ta wuce maki. Kusan duk kurakuran da ke tafe irin wannan ne, kuma gyaransu yakan zo ne idan an bi diddigin yadda abin ke aiki, ko an zauna an yi lissafi da alƙalami.

Ilimin gado

Mutum yana ɗauke da kwafi biyu na yawancin ƙwayoyin gadonsa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Idan aka ce kwafi mai rinjaye ne, ana nufin shi kaɗai ya isa ya bayyana a jiki ko da abokin zamansa wani iri ne daban. Mai lafawa kuwa sai ya zo ta ɓangarorin biyu kafin a ga alamarsa. Iyakar maganar ke nan. Amma ɗalibai sukan ƙara mata gishiri, wai mai rinjaye shi ya fi yawa a cikin jama'a, ko shi ya fi lafiya. Ga cindo nan: a iyalai da yawa ta hanyar rinjaye ake gadon yatsa na shida, duk da haka akasarin mutane yatsu biyar gare su. Rukunin jini na O yana lafawa a gaban A da B, alhali shi ya fi kowane rukuni yawa a duniya. Cutar Huntington, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ita ma mai rinjaye ce. Don haka ka raba tambayoyin gida biyu. Wane kwafi ne ke bayyana idan sun haɗu a jikin mutum ɗaya? Wannan ita ce maganar rinjaye. Mutum nawa ne ke ɗauke da shi a cikin al'umma? Wannan kuma tarihin al'ummar ne ke amsa ta.

Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne na "ɗaya cikin huɗu". Miji AS, mata AS, wato kowannensu yana da kwafi ɗaya na lafiya (A) da ɗaya na sikila (S). Ka zana akwati mai gida huɗu, ka samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Daidai. Sai wani ya ɗauka cewa idan suka haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ne tak zai zo da sikila, kuma tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke tafe sun tsira. Nan gizo ke saƙa. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, kamar kwabon da aka cilla sama, ba ya tuna gefen da ya faɗi a baya. Ma'aurata irin waɗannan suna iya haifar SS biyu a jere, damar hakan ɗaya ce cikin 16. Suna kuma iya haifar huɗu babu SS ko ɗaya, damar wannan 81 ce cikin 256, wato kusan kashi 32 cikin ɗari. Rabon da ke cikin littafi sai a cikin adadi mai yawa yake fitowa sarai. Gregor Mendel, wanda ya wallafa bincikensa a 1866, sai da ya ƙirga ƙwayar wake 7,324 a gwaji ɗaya, ya samu 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamutsewa, kafin rabon uku da ɗaya ya bayyana masa. Gida ɗaya ba ya haifar 'ya'ya dubu bakwai.

A ƙara kula da wani abu: SS ba ita kaɗai ba ce cutar. AS da AC (C wani kwafi ne daban da A da S) suna iya haifar SC, ita ma tana kawo ciwo, kuma damarta ɗaya cikin huɗu ce a kowane ciki. Idan ɗaya AS ne ɗaya SS, damar SS ta zama rabi. Idan ɗaya AA ne, to babu SS a 'ya'yansu.

Da yawa kuma suna cakuɗa rukunin jini da nau'in haemoglobin. A, B, AB da O, waɗanda binciken Karl Landsteiner ya buɗe ƙofarsu a 1901, alamomi ne a bayan jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙwayar gadonsu tana kan kuromosom na 9 (kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado). AA, AS da SS kuwa bayani ne kan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar, ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 11. Hanyar jirgi daban, ta mota daban. Mai rukunin O zai iya zama SS, mai rukunin A zai iya zama AS. Wanda ya ce "jinina A ne, ba ni da matsala" bai faɗi komai ba tukuna game da sikila. Sannan uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai O, idan kowannensu yana ɓoye da kwafin O, har ma duka rukunan huɗu suna iya fitowa daga gare su. Rashin sanin wannan ya isa ya haddasa zargi a banza.

Maganar namiji da mace gajeriya ce. Daga cikin kuromosom 46 na ɗan Adam, biyu ne na jinsi. Ƙwan uwa X yake ɗauka kullum. Maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y, kuma shi kansa uban ba shi da ikon zaɓe.

Akwai kuma tsohon tunanin cewa abin da jiki ya saba da shi ana gadonsa. August Weismann ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye tsara bayan tsara a ƙarshen ƙarni na 19, 'ya'yansu suka ci gaba da zuwa da wutsiyarsu cikakkiya. Irin wannan tunanin ne ke sa mutum ya ce "jikina ya saba da wannan maganin, ba ya yi mini aiki" alhali yana magana a kan maganin kashe bakteriya. Bakteriyar ce ta sauya. A cikin miliyoyinsu akan samu 'yan kaɗan da wani canji a DNA ɗinsu ya sa maganin ba ya kama su. Maganin ya share sauran, fili ya zama nasu, kuma wasu nau'o'in suna iya ninkuwa duk minti 20 idan sun samu wuri mai daɗi. Har musayar waɗannan ƙwayoyin gado suke yi a tsakaninsu. Wanda bai taɓa shan maganin ba ma yana iya kamuwa da irin wannan bakteriya daga wani. Alexander Fleming ya yi gargaɗi a kan haka a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya ce shan penisilin ƙasa da ƙima zai iya haifar da ƙwayoyin da ba sa jin maganin. Shan irin wannan magani don mura, wadda bairos ke kawowa, ba ya taɓa bairos ɗin, sai dai ya tace bakteriyar jiki ya bar masu taurin kai.

Halittu da muhallinsu

Fara da kibiya, domin a nan maki ke zuba a arha. A sarƙar abinci, kibiya tana nuna inda kuzari ya nufa, daga abin da aka ci zuwa wanda ya ci. Daga ciyawa zuwa fara, daga fara zuwa kwaɗo, daga kwaɗo zuwa maciji, daga maciji zuwa shaho. Mai juya ta yana tunanin wa ya kai wa wa hari ne.

Tambayi ɗalibi daga ina bishiya ta samo nauyinta, zai ce daga ƙasa. A ƙarni na 17 Jan Baptist van Helmont ya dasa ƙaramar bishiya a tukunya, ya auna ƙasar, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa kawai. Bishiyar ta ƙaru da kimanin kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Shi ya yanke cewa daga ruwa ne, ya kama rabin gaskiya. Mafi yawan nauyin busasshen itace daga iska yake, daga iskar kabon da ganye ke sha, ya haɗa da ruwa da taimakon hasken rana ya yi sukari. Abin da ƙasa ke bayarwa ma'adinai ne 'yan kaɗan, masu muhimmanci amma marasa nauyi. Sai kuma masu cewa tsiro yana haɗa abinci da rana, ya yi numfashi da dare. Numfashinsa dare da rana ne, ba ya tsayawa. Da rana dai haɗa abincin ya fi ƙarfi, sai ya rufe shi.

Kada ka ce kuzari yana zagayawa. Abin da ke zagayawa shi ne kabon, naitirojin da ruwa, su ne ke fita daga gawa su koma ƙasa da iska, wani tsiro ya sake ɗauka. Kuzari hanya ɗaya yake bi: ya shigo daga rana, ya fice a matsayin zafi. A kowane mataki na sarƙar, kimanin kashi 10 cikin ɗari ne ke tsallakawa zuwa na gaba, tunanin da ya samo tushe daga aikin Raymond Lindeman na 1942. Idan ciyawa ta tara 10,000, masu cin ta su samu 1,000, masu cin su 100, na sama 10. Shi ya sa sarƙa ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba, shi ya sa kuma zakuna ba za su taɓa kai barewa yawa ba. Kashi 10 ɗin kiyasi ne don sauƙin lissafi, a zahiri yana hawa yana sauka. Guba irin maganin ƙwari na DDT, wadda jiki ba ya iya narkarwa, akasin haka take yi, tana ƙara taruwa ne yayin da ake hawa sama. Ta sa ɓawon ƙwan manyan tsuntsaye masu cin kifi ya yi laushi yana fashewa a sheƙa, har Amurka ta hana amfani da ita a gonaki a 1972.

Kuskure mafi tsada a wannan fanni shi ne ɗaukar cewa za a iya cire halitta ɗaya ko a ƙara ɗaya, sauran su zauna yadda suke. A 1958 ƙasar Sin ta ƙaddamar da yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da tsuntsun gwara, shi gwara saboda yana cin hatsi. An manta yana cin ƙwari. Da aka karkashe su, fara da sauran ƙwari suka samu sake, garin neman gira aka rasa ido, kuma hakan ya zama ɗaya daga cikin dalilai da dama da suka tsananta yunwar shekarun da suka biyo baya. A 1960 aka cire gwara daga jerin. Ostireliya kuma ta shigo da wani ƙaton kwaɗo a 1935 don ya cinye ƙwaron da ke ɓata rake. Bai yi wani abin kirki a kan ƙwaron ba, ya bazu a arewacin ƙasar, dafin jikinsa yana kashe dabbobin da suka cinye shi. Duk lokacin da aka ba ka tambaya irin wannan, kada ka tsaya a mataki na farko. Bi kowace kibiya da ta shiga halittar da kowace da ta fita daga gare ta.

Ilimin ƙasa

Zafi da sanyin shekara ba daga kusanci da rana suke ba. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152, alhali Janairu tsakiyar hunturu ne a Turai. Dalilin shi ne karkacewar duniya da kusan digiri 23.5. Ɓangaren da ya karkato wajen rana yana samun haske a tsaye da yini mai tsawo. Hujjar da ke kashe musu: lokacin da ake ƙanƙara a Ingila, zafi ake yi a Ostireliya, kuma nisansu da rana ɗaya ne.

Haka nan cikin ƙasa ba tafkin narkakken dutse ba ne da nahiyoyi ke iyo a kai. Ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawon duniya, har zurfin kilomita 2,900, daskararren dutse ne mai zafi wanda ke motsi a hankali ƙwarai, manyan faya-fayan ɓawon duniya da ke samansa suna tafiyar 'yan santimita a shekara. An gane haka ne domin wani nau'in igiyar girgizar ƙasa da ba ya ratsa ruwa yana ratsa shi, amma ya tsaya a bakin cibiyar waje, wadda ita ce narkakken ƙarfe. Can ciki kuma akwai daskararriyar cibiya, wadda Inge Lehmann ta gano a 1936. Abin da dutse mai aman wuta ke fitarwa a wasu wurare ƙalilan yake narkewa.

Ma'aunin girgizar ƙasa ninkawa yake yi. Mai maki 7 ta fi mai maki 6 kuzari kusan sau 32, ta fi mai maki 5 kusan sau 1,000.

Ɓular ozon, wato shimfiɗar iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutarwa, da ɗumamar duniya ma matsaloli biyu ne daban. Ɓular, wadda masana daga Birtaniya suka ba da labarinta a saman Antatika a 1985, sinadaran CFC na firji da gwangwanin feshi ne suka jawo ta, illarta kuma shigowar haske mai ƙona fata. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta takaita su, shimfiɗar tana farfaɗowa. Ɗumama kuwa daga iskar da ke riƙe zafi take, musamman iskar kabon, wadda ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Kuma sanyin mako ɗaya ba ya ƙaryata ta, domin masana matsakaicin shekara 30 suke dubawa.

Aikin jinya

Safar hannu ba ta ɗauke wankin hannu. Takan zo da ƙananan huji, hannu kuma yakan ɓaci wajen cire ta, sannan wanda ya yi yawo da safa ɗaya daga gado zuwa gado kansa kawai ya kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta biyar: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsabta kamar wanke rauni, bayan haɗuwa da jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. Na ƙarshen ne aka fi mantawa, a taɓa ƙarfen gado ko ledar ƙarin ruwa a wuce. Man shafawa mai barasa yana buƙatar daƙiƙa 20 zuwa 30, sabulu da ruwa 40 zuwa 60, kuma idan akwai datti a bayyane sai sabulu. A 1847 a birnin Biyana, Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitoci da ɗalibai wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego a sashensa ta sauko daga kusan kashi 18 cikin ɗari a Afrilu zuwa kusan kashi 2 a Yuni.

A cikin awon da ake yi wa majinyaci, numfashi ne maraya. A duba shi da ido a rubuta 18 ko 20, alhali sau da yawa shi ne ke fara sauyawa kafin jiki ya rikice. Babba yana yin 12 zuwa 20 a minti. Ƙirga minti cikakke, kuma kada ka sanar da shi, domin da ya san ana ƙirgawa numfashin zai sauya. Ka bar yatsunka a wuyan hannunsa kamar bugun jini kake ji. Ga yara ma'aunin daban ne: numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Bugun jini kuma ba a jin sa da babban yatsa, yana da nasa bugun. Idan bugun ba ya tafiya daidai, kada ka ƙirga daƙiƙa 15 ka ninka.

Awon hawan jini yana da tarkuna. Ɗamarar da ta yi wa damtse kaɗan tana ƙara lamba, wadda ta yi yawa tana ragewa. Hannun da ke reto ƙasa da saitin zuciya yana ƙarawa, haka magana, haka harɗe ƙafa. A bar mutum ya huta minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa a tallafe, ɗamarar a kan fata.

Lissafin magani shi ne inda na fi so a tsaya a natsu. Abin da aka rubuta, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan. An rubuta miligiram 250, kwalba tana da 125 a kowane mililita 5, amsa mililita 10. Tsakanin miligiram da maikurogiram akwai ninki 1,000: maikurogiram 125 na maganin zuciya digoxin daidai yake da miligiram 0.125. A rubuta 0.5, kada a rubuta .5, domin idan ɗigon ya ɓace ya zama 5. A rubuta 5, kada a rubuta 5.0, domin zai iya zama 50. Awon insulin a rubuta kalmarsa cikakkiya, harafin U yana kama da sifiri, 4 ta koma 40. A maganin yara a duba ko awon na yini ne gaba ɗaya ko na kowane sha. Miligiram 30 ga kowane kilo a yini, kashi uku, ga yaro mai kilo 10, yana nufin 100 a kowane sha. Wanda ya karanta a gaggauce zai ba da 300 sau uku. Idan lissafi ya kai ka ga ƙwaya takwas ko kwalaben allura biyar a lokaci guda, dakata ka kira wani ya duba.

Ƙarin ruwa: mililita 1,000 cikin awa 8, da igiya mai ɗigo 20 a mililita. A ninka 1,000 da 20, a raba da minti 480, ya ba da kusan ɗigo 42 a minti. Amma duba ledar igiyar tukuna, akwai mai 15, akwai ta yara mai 60. Potassium chloride kuwa ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, yana iya tsayar da zuciya nan take. Sai an sirka shi, an jujjuya ledar sosai, ya shiga a hankali. Ƙwayar da aka yi don ta narke sannu a hankali ba a daka ta, daka ta yana zuba maganin yini guda a lokaci ɗaya.

Lambar gado ba suna ba ce, ana canja wa mutane gado. Kuma kada ka ce "kai ne wane?", domin mai jin jiki ko mai magagin barci zai iya cewa e. Ka ce ya faɗi sunansa da kansa, ka haɗa da shaida ta biyu kamar ranar haihuwa ko lambar katinsa. Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi da hannu biyu, akwatinta za ta shiga kai tsaye. Wanda ba ya iya juya kansa a riƙa juya shi, galibi duk awa biyu, kuma idan fatar ƙugu ko dunduniya ta sauya launi kada a murza ta, murzawa ƙara raunata naman take yi. A ɗauke mata nauyi kawai.

Sa hannu a takardar magani bayan an bayar ake yi. Wanda ya sa tun kafin ya bayar, aka kira shi wani wuri, ya bar wa mai karɓar aiki takardar da ke cewa an ba da abin da ba a ba da ba. Wanda ya bayar bai sa hannu ba kuwa, ya buɗe ƙofar a sake bayarwa. Idan an yi kuskure a rubutu, a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata da lokaci.